Man Agadem: Wa Ke Riƙe Da Ma'auni?

Ku gyara zama. Yau zancenmu a kan man fetur ne da iskar gas na ƙasarmu, da masu sa ido a kansu, da ƙoƙarin da ake yi don a gyara wannan sa ido.

Wani zai ce: ni ina ruwana da man fetur, ba ni da mota, ba ni da babur? Ɗan'uwa, da ruwanka. Bari mu fara da abin da ka sani.

Kasuwar gyaɗa

Dattawa daga cikinku sun tuna zamanin gyaɗa. Manomi ya sha wahala damina guda. Ya ɗora buhu bisa jaki, ya kai kasuwa. Mai saye shi ke da sikeli. Shi ke awo, shi ke duba lamba, shi ke rubutawa a takarda. Manomi yana tsaye yana kallo, bai san abin da aka rubuta ba. In an ce masa kilo 40 ne, sai ya ce to.

Da ƙungiyoyin manoma suka kafu, aka koya wa ƴaƴan gari karatu da lissafi. Aka ɗauki mai awo da magatakarda daga cikin manoma. Sikeli dai shi ne na jiya. Abin da ya ƙaru shi ne idon da ya iya karatu. Daga nan cuta ta ragu.

To, zancen man fetur ma haka yake. Akwai kaya, akwai mai saye, akwai ma'auni. Tambaya ita ce: wa ke riƙe da ma'aunin, kuma wa ke duba shi?

Man da muke da shi

Rijiyoyin manmu suna Agadem, cikin jahar Difa, can cikin rairayin gabas. A shekarar 2008, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta yi yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin don ya haƙo man. Aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita fiye da 460 daga Agadem zuwa arewacin Damagaram. Can aka gina matatar mai da ake kira SORAZ. An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, zamanin shugaba Isufu Mahamadu. An gina ta don ta tace ganga 20,000 kowace rana. Cikin matatar, kamfanin na Sin yana da kashi 60 cikin 100, ƙasarmu tana da kashi 40. Daga can fetur da gazuwal ke fitowa, da iskar gas da uwargida ke girki da ita.

Daga baya aka shimfiɗa babban bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. Ya taso daga Agadem, ya ratsa jahohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya shiga ƙasar Benin, ya tsaya bakin teku a Seme. An yi shi don ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Jirgin ruwa na farko ya yi lodin manmu a watan Mayu na 2024. Wasunku bututun nan ya bi ta gefen gonarsu, wasu ta burtalin dabbobinsu. Kun ga ke nan zancen bai yi nisa da gida ba.

Yadda ake rabo

Ku saurara da kyau, nan ne gishirin zancen. Irin yarjejeniyar da aka yi, ta rabon amfani ce. Kamfani ya zuba kuɗinsa, ya haƙa rijiyoyi, ya kawo injuna. In mai ya fito, ana fitar da hakkin ƙasa tukuna. Sannan kamfani ya ɗebi wani kashi don ya mayar da kuɗin da ya kashe. Abin da ya saura shi ake rabawa tsakanin kamfani da gwamnati.

Kamar ka ba mutum gona ne, ya kawo iri da taki da ƴan ƙwadago. Da kaka ya ce bari ya cire ɗawainiyarsa, sannan ku raba. In ba ka san yawan dammunan da aka ɗaure ba, kuma ba ka san kuɗin takin ba, rabon da ya ba ka shi za ka karɓa.

Saboda haka wuri huɗu ne ke bukatar ido.

Na ɗaya, awo. Ganga nawa suka fito daga rijiya, nawa suka shiga bututu, nawa suka shiga jirgi? Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Ganga ɗaya lita 159 ce. A ce bututu yana ɗaukar ganga 90,000 a rana, kuma na'urar awo ta yi kuskuren ganga 1 cikin kowace 100. Ganga 900 ke nan a rana guda. A shekara, ganga 328,500. Wannan misali ne kawai na lissafi, amma ya nuna muku abin da ya sa dole ƙasa ta sami nata mai awo a bakin na'ura.

Na biyu, ɗawainiya. Nawa kamfani ya kashe da gaske? Ga abin da ya faru. Da farko an ƙiyasta ginin matatar Damagaram a kan dalar Amurka miliyan 600. Ku lura, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Da aka gama gini, lissafin ya kai miliyan 980. Shi ya sa a 2011 gwamnati ta ce za ta sa a binciki lissafin. Duk abin da aka ƙara a ɗawainiya, daga rabon ƙasa yake fita.

Na uku, hanyar kuɗi. Abin da kamfani ya ce ya biya, shi ne ya shiga baitulmali? Daga baitulmali ina ya nufa?

Na huɗu, lafiyar jama'a da ƙasa. Mai in ya malala yana ɓata ruwan rijiya da makiyaya. Kuma mai wuta ne. Mutanen Yamai ba su manta daren da motar dakon mai ta faɗi kusa da filin jirgin sama ba, a watan Mayu na 2019. Mutane suka taru suna ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Dokar lafiyar motoci, da hanyar da suke bi, da inda suke tsayawa, duk aikin masu sa ido ne.

Su wa ke sa ido?

Ma'aikatar ministan man fetur ita ke tattaunawa da kamfanoni, ita ke ba da izini, ita ke aika masu duba aiki. Akwai kamfanin ƙasa, SONIDEP, da aka kafa a 1977 don sayo mai da ajiye shi da rarraba shi. A ƙarshen 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar ARSE, don ta sa ido kan lantarki da kan harkar mai daga matata zuwa gidan mai.

Matsalar da masana ke nunawa a ƙasashe da yawa ita ce wannan. Gwamnati tana son kuɗin mai su shigo da sauri. Ita ce abokiyar cinikin kamfani, tana da hannun jari a aikin. Kuma ita ce za ta ci kamfanin tara in ya yi laifi. Mutum ɗaya ya zama ɗan kasuwa, ya zama mai awo, ya zama alƙali. Ko da mutumin kirki ne, nauyin ya yi masa yawa.

Ƙasar Norwe, can arewacin Turai, ta ga wannan tun 1972. Ta raba aikin gida uku. Ma'aikatar minista ta tsara manufa. Kamfanin ƙasa ya yi kasuwanci. Wata hukuma dabam ta masana ta duba aikin rijiyoyi. Har yau ana ba da misali da wannan tsari.

Yadda jama'a suka sa aka gyara doka

Kada ku ɗauka doka daga sama take saukowa. Mutane ne ke rubuta ta, mutane ne ke sa a gyara ta. Ga labarin gida.

Ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar Agadem a 2008, kamfani ya yarda ya biya ƙasa dalar Amurka miliyan 300, kuɗin sa hannu. Talaka bai ga takardar yarjejeniyar ba. Sai wata haɗakar ƙungiyoyin fararen hula mai suna ROTAB ta tashi. Ta nemi majalisar dokoki ta yi bincike, a san abin da ke cikin takardar, a san inda kuɗin za su. ROTAB reshe ce ta wata ƙungiya ta duniya mai kiran kamfanoni su bayyana abin da suke biya. Akwai kuma wata ƙungiya mai suna GREN da ke irin wannan aiki. Ba a biya musu bukata nan take ba. Amma ba su yi shiru ba. Suka ci gaba da taro, da rubuta takardu, da magana a rediyo.

Da aka zo rubuta sabon tsarin mulki a 2010, suka kai shawarwarinsu. Jama'a suka amince da kundin a zaɓen raba gardama na ranar 31 ga watan Oktoba na 2010. Daga aya ta 148 zuwa ta 153, kundin ya yi maganar arzikin ƙarƙashin ƙasa. Ya tabbatar cewa arzikin na al'ummar Nijar ne. Ya wajabta a buga yarjejeniyoyin haƙo ma'adinai da mai cikin jaridar hukuma, tare da kuɗin da kowane kamfani ya biya. Ya ce a raba kuɗin tsakanin baitulmali da ƙananan hukumomi. Ya kuma ambaci noma, kiwo, lafiya, ilimi, da asusun ajiya don ƴaƴa da jikoki. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka suka rubuta irin wannan cikin tsarin mulkinsu.

Akwai kuma wani shiri na duniya da ake kira ITIE. Aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Kamfani ya faɗi abin da ya biya. Gwamnati ta faɗi abin da ta karɓa. Wani mai lissafi da ba ya ɓangaren kowa ya gwada takardun biyu, ya buga sakamako. A teburin shirin ana zama ne ɓangare uku: gwamnati, kamfanoni, da fararen hula. A 2011 an shaida cewa Nijar ta cika sharuɗɗan shirin. A 2017 shugabannin shirin suka dakatar da ƙasarmu, suka ce ba a sami ci gaban da ya isa ba, musamman wajen ba fararen hula damar aikinsu. Gwamnati ta lokacin ta fice. A watan Fabrairu na 2020 Nijar ta koma ciki.

Kundin 2010 kuwa ya daina aiki bayan sauyin mulki na ranar 26 ga watan Yuli na 2023. Darasin da ke nan shi ne, abin da aka samu jiya ana iya rasa shi gobe. Duk lokacin da za a rubuta sabuwar doka, sai an sake kai waɗannan bukatu gaban masu rubutawa.

Abin da ya faru a maƙwabta

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu duba ƙasashe uku.

Cadi ta yi doka mai kyau a 1999, tun kafin manta ya fara fita a 2003. Ta ware kashi 10 cikin 100 don masu zuwa baya, ta kafa kwamitin sa ido kan kuɗin mai. A ƙarshen 2005 gwamnati ta canza dokar, ta soke asusun ajiyar. A 2008 Bankin Duniya ya janye daga shirin. Doka in ba ta da masu tsaronta, rana ɗaya ake share ta. Amma Cadi ta nuna wani abu kuma. A 2013 ta dakatar da aikin CNPC saboda man da aka zubar a ƙasa. A 2014 kamfanin ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 400. Ashe hukuma in ta je da idonta ta gani, tana da iko.

Najeriya ta kai ƙudurin gyaran dokar mai gaban majalisa a 2008. Aka yi ta ja, ana ajiyewa ana ɗaukowa, har shekara 13. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Agusta na 2021. Dokar ta kafa hukumomin sa ido guda biyu, ɗaya ta haƙo mai, ɗaya ta tacewa da rarrabawa. Ta mayar da NNPC kamfanin kasuwanci. Ta kuma ce kamfanoni su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin tafiyar da aikinsu na shekara cikin asusun garuruwan da ake haƙo mai. Shekara 13 ba kwana biyu ba ne. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Gana ta fara fitar da mai a ƙarshen 2010. A 2011 ta yi dokar kuɗin mai, ta kafa kwamiti mai suna PIAC na mutum 13. Cikinsu akwai wakilan ƙungiyar ƙwadago, da sarakuna, da ƴan jarida, da Musulmi, da Kirista. Sau biyu a shekara suna buga rahoto. Suna zuwa ƙauyuka su duba ko makarantar da aka ce an gina da kuɗin mai tana nan. Rauninsu ɗaya: ba su da ikon hukunta kowa, sai dai su faɗa wa majalisa da jama'a.

Abin da masu neman gyara ke roƙo

In ka tattara bukatunsu, ga su:

1. A raba mai ciniki da mai sa ido. Hukumar sa ido ta sami kuɗin aikinta, kada ta dogara da motar kamfani ko abincin kamfani in za ta je duba rijiya.
2. A horar da ƴaƴan ƙasa injiniyoyi da masu lissafi, a biya su albashin da zai riƙe su.
3. A buga duk yarjejeniya, har da ta bashin da za a biya da mai. Misali, a watan Afrilu na 2024 ƙasarmu ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC, a kan za a biya da man da za a sayar. Irin wannan bashi shi ma sai an san sharuɗɗansa.
4. A binciki ɗawainiyar kamfani a kai a kai, a buga abin da aka gano.
5. A saurari mutanen da rijiya ko bututu ya shafa, a biya diyya bisa ƙa'ida sananniya.
6. A fassara rahotanni cikin harsunan ƙasa, a karanta su a rediyo.

Masu wannan roƙo ba maƙiyan gwamnati ba ne, ba maƙiyan kamfani ba ne. Gwamnatin da ke da masu awo nagari ita ke samun cikakken rabonta. Kamfanin da ke aiki da gaskiya shi ma yana hutawa da zargi.

Naka aikin

Yanzu za ka ce: ni da na fara karatu bana, me zan iya? Ga abin da za ka iya.

Dokar man fetur ta 2007 ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen da gwamnati ke samu daga mai, don hukumomin jahar da ake aikin. Dokar da ta maye gurbinta a 2017 ta riƙe wannan ƙa'ida. Ƙungiyoyi sun sha kokawa cewa kuɗin ba sa isa a kan lokaci. In jaharku tana cikin masu wannan hakki, ku je ofishin magajin gari. Ku yi sallama, ku tambaya da ladabi: nawa aka turo, yaushe, me aka yi da su? Matambayi ba ya ɓata.

In za ku kai kuka, ku bi waɗannan matakai. Ku taru tukuna, ku tsayar da bukata guda. Kowa ya kawo tasa, ba a jin ko ɗaya. Ku nemi hujja. In mai ya malala kusa da ku, ku rubuta rana, da wuri, da sunan rijiya, da yawan dabbobin da abin ya shafa. Kada ku ƙara, kada ku rage, domin ƙarya ɗaya tana ɓata gaskiya goma. Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa: mai gari, hakimi, magajin gari, ma'aikacin kare muhalli. Ku kai takarda a rubuce, ku riƙe kwafi, ku nemi a buga muku hatimi. In an yi shiru, ku koma. Ku nemi abokan tafiya cikin ƙungiyar manoma, da ta makiyaya, da ta mata, da malamai, da gidan rediyon garinku.

In aka kawo maka takardar diyyar gona, kada ka dangwala yatsa sai ka karanta. Ka duba faɗin filin da aka rubuta, ka duba kuɗin. In wata kalma ta shige maka duhu, ka kai wa malamin ajinku. Ke ma uwargida, in kin sayi tukunyar gas, ki duba hatimin bakinta da nauyin da aka rubuta a jikinta. Wannan ma sa ido ne.

Abu biyu ne ba mu yarda da su ba. Kada kowa ya taɓa bututu, kada kowa ya kusanci motar mai da ta faɗi. Fasa bututu ɓarnar dukiyarmu ce, kuma ruwanmu da makiyayarmu ne ke fara lalacewa.

Jama'a, gero in ka girbe bana, baɗi ka sake shukawa. Man fetur ba ya tsiro. Gangar da ta fita ta fita ke nan. Saboda haka kowace ganga sai an ƙirga ta, kuma sai an rubuta inda kuɗinta suka shiga. Wanda ya iya karanta lamba a kan sikelin gyaɗa, zai iya koyon karanta ta a takardar kuɗin mai.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Faɗi wuri huɗu da ke bukatar sa ido a harkar mai.
2. Me ya sa bai dace mai ciniki ya zama shi kaɗai ne mai awo ba?
3. Ganga ɗaya lita 159 ce. Lita nawa ke cikin ganga 10? Cikin ganga 100 fa?
4. Wane darasi muka koya daga Cadi, da Najeriya, da Gana?
5. A garinku, wace bukata guda za ku fara rubutawa, kuma wa za ku kai wa?

Ku tattauna da malaminku, ku rubuta amsa da hannunku.